Wayar da Aka Bar Mini

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba ta dariya ba ce, kuma ba ni na ƙage ta ba. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya. Na ji abin da ake gaya muku. An ce kakarku ta fita titi tana cikin takaba don ta je kallon kwamfuta a unguwar Wunti. An faɗa a gidan suna, an faɗa a gidan biki, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin sun iya faɗa. To, na fita. Ku zauna ku ji abin da ya fitar da ni.

'Ya'ya uku Allah ya bar mana ni da maigidana Malam a gidanmu na Ƙofar Wambai. Na farko shi kuke kira Baba Babba. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka aka rene mu: ba ki kiran sunan ɗan fari, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, ba ki yabonsa, ko kuka yake sai ki kau da kai wata ta rarrashe shi. "Wannan" nake ce masa, da ya girma na koma ce masa Babba. Kunya ce, kuma a wurinmu ba a yi wa abin da ba a so kunya. Ya tashi yana noma a ƙauyen Miri, yana sayar da hatsi. Mai bi masa Larai ce, 'yata mace tilo. Sai autana Habu, wanda ya yi karatun na'ura.

Larai ta bi mijinta Isuhu zuwa Jidda, inda yake tuƙa wa wasu Larabawa mota. Takardunsu ba su cika ba, in sun fito ba za su koma ba, sai shekaru suka yi ta tafiya. Can ciwo ya kama ta a maƙogwaro, aka yi mata aiki, muryarta ta tafi gaba ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa komai ya rataya. Ita ba ta iya magana, ni ban iya karatu ba. In an kira ta a wayar hannu numfashinta kawai nake ji. In ta rubuto saƙo sai wani ya karanta mini da muryarsa, kuma akwai maganar da 'ya ba ta yi wa uwarta da bakin ƙanenta. Abu ɗaya ya rage mana, fuska. A lokacin kuwa wayoyinmu na hannu ba su iya ɗaukar fuska ba, sai kwamfuta.

Malam ya ba Habu zaure ya jera kwamfutoci, samari suna zuwa suna abin da suke yi. A bayan gida kusa da rumbu ya kafa wani dogon ƙarfe da ya wuce kan soro, da ɗan faranti a samansa. Ranar da zai ja waya zuwa ɗakina na ce ba za a shigo mini da abin da ban san asalinsa ba. Ya kama hannuna ya zagaya da ni.

"Inna, kin ga farantin can? Wani ƙarfen yake kallo a cikin gari. Dole su ga juna ido da ido, ko reshe ya shiga tsakani zance ya lalace. Wannan wayar ita ke sauko da intanet daga can, ta kawo shi ga wannan ɗan akwatin na zaure. Sunansa rauta."

Na ce, "Mace ce ko namiji?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Maigadi ne, Inna. Kowace kwamfuta a gidan nan shi ke ba ta adireshi, kamar a ce ɗakin wance, ɗakin wane. Saƙon da zai fita sai ta gabansa. Wanda zai shigo sai ya yi masa sallama, ya nuna masa ɗaki."

"In aka rufe masa ƙofar waje fa?"

"'Yan gida za su ci gaba da jin juna. Amma ba mai shiga, ba mai fita."

Ya feɗe bakin wayar ya nuna mini cikinta, 'yan siraran wayoyi masu launi-launi, an murɗe su bibbiyu kamar kitson yara. Ya warware su ya jera, ya zura su cikin wani ɗan kai na roba, ya matse da filaya, ya cusa a bayan kwamfutar da ya ajiye mini kusa da gado. Ta ce ƙas. Wata 'yar fitila koriya ta kama. Ya ce muddin tana ci, kwamfutata tana jin rauta. Shi kebul yake ce mata, ni waya na sani, shuɗiya ce, daga zaure ta bi gindin bango har ɗakina.

Ranar Juma'a kawai muke ganin juna. Isuhu ba shi da kwamfuta, ta ɗan maigidansa yake arowa bayan sun sauko daga masallaci, ya mayar kafin la'asar. Su ranarsu tana riga tamu, don haka wajen hantsi ya ɗaga sosai nake zama. Sai ga Larai. Ta rame, da farin ƙyalle a wuyanta, amma idon nata ne. Ni ke magana, ita tana amsawa da hannu. In na ce an yi wa wance aure sai ta zaro ido. In na kwaikwayi tafiyar mahaifinta sai kafaɗunta su yi ta rawa, dariya ba sauti. In ciwon ya matsa mata ba ta faɗa wa kowa, amma ni ina gani a gefen bakinta. Wata rana fuskarta ta tsaya cak ta farfashe, na ƙwala wa Habu kira.

Ya ce, "Ba komai, Inna. Yayyanka hoton ake yi ƙanana-ƙanana, kowane ƙunshi da adireshinsa, su biyo hanya daban-daban, in sun iso a harhaɗa. Wasu ne suka makara."

Na ce, "A'uzubillahi. 'Yar tawa ake yayyankawa?"

Ya ce, "Ai ga ta nan ta dawo ɗungurungum." Ta kuwa dawo, tana yi mini alama da hannu wai me ya firgita ni.

A shekarar nan Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ta kwamfutar nan Larai ta yi zaman makokin ubanta, muka yi kuka tana can ina nan. Na shiga takaba. Ban fita daga cikinta ba aka raba gado, domin Babba ya ce a yi a gama kowa ya san nasa. Aka ja katangar bulo a tsakiyar gidan da na yi shara shekara da shekaru, aka fasa wa ɓangaren Babba sabuwar ƙofa ta lungu. Zaure da rauta suka faɗa rabon Habu. Ɗakina da rumbu da dogon ƙarfe suka faɗa rabon Babba. Wayoyi biyu suka zama suna tsallake katangar ta kafa ɗaya, kafaɗa da kafaɗa: wadda ta sauko daga faranti za ta zaure, da wadda ta fito daga zaure za ta ɗakina. Daga naɗi ɗaya aka yanko su, launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya.

Babba ya ce a cire ƙarfen, zai gina wurin ajiye hatsi. Habu ya ce duk gidan a kusurwar nan kaɗai faranti ke hango ɗan'uwansa, ko'ina benen maƙwabta ya tare. Gaskiya ya faɗa. Amma ba zan wanke autana ba, bakinsa ya fi hankalinsa sauri. A gaban samarin zaure ya ce wa wansa, "Yaya, wannan fa ba buhun masara ba ne da za a ce matsar da shi can." Yaran suka kwashe da dariya. Mutum mai furfura a gemu, a zauren ubansa. Babba ya juya ya fita.

Ranar Laraba da safe ina zaune a ƙofar ɗaki kan tabarma, na ga ya fito da almakashin yankan kwano. Ya ja benci zuwa gindin katanga ya hau.

Na ce, "Babba, sauko."

Bai juyo ba.

Na ce, "Kai wannan, da kai nake."

Ya kama wayoyin biyu ya haɗa su a bakin almakashi. A Juma'ar da ta wuce na ga abin da ke gefen bakin Larai, na san ba Juma'o'i da yawa suka rage mana ba. Ba ni da ƙarfin janyo shi daga benci, ba ni da Malam da zai yi gyaran murya kowa ya nutsu. Abu ɗaya nake da shi da ban taɓa kashewa ba. Na buɗe baki na ce,

"Auwalu."

Matarsa tana wanke-wanke ta saki kwano. Shi kuwa hannunsa ya tsaya. Ya juyo a hankali yana kallona kamar wanda ya ji an kira shi a garin da bai san kowa ba.

Ya ce, "Ashe kin san shi."

Na kau da kai.

Ya ce, "Ina yaro na yi ciwon da aka fid da rai da ni, ina jin muryarki a bakin ƙofa kina tambaya ko wannan ya ci abinci. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na bizne ubana. Ban taɓa ji ba. Sai yau, a kan waya."

Na ce, "A kan 'yar'uwarka."

Ya ce, "Na sani, Inna. Kullum a kan wani ne."

Ya sassauta almakashin. Ya bi wayoyin da yatsa, ya ware wadda ta nufi ɗakina ya ture ta gefe a hankali, kamar mai ɗauke jariri daga hanya.

Ya ce, "Tunda kin kira ni, na bar miki taki. Ta Habu ce ba za ta kwana a ƙasata ba."

Ya datse wadda ta sauko daga faranti.

Na ce, "Tawa daga tasa take sha! Ka rufe ƙofar waje!"

Ya sauko, ya leƙa ɗakina, ya nuna bayan kwamfuta. "Ga fitilarki nan tana ci. Me kuma?"

Fitilar kuwa tana ci, koriya shar. Yaya zan yi in fahimtar da shi abin da ni kaina da zaure da maigadi aka fahimtar da ni? Shi a ganinsa waya biyu, mutum biyu, kowa da tasa, kamar yadda aka raba gida. Ya naɗe guntun da ya yanke ya ɗaure a bayan babur, ya sa kwaɗo a ƙofar bayan gida inda ƙarfen yake, ya rantse da Allah Habu ba zai taka ɓangarensa ba, ya tafi Miri wurin girbi.

Habu ya so ya ɓalle kwaɗon ya hau ƙarfen ya ja sabuwar waya. Ni na hana. Na ga idon Babba, na san in aka ɓalle kwaɗon nan jini zai zuba tsakanin 'ya'yana, ga kabarin ubansu ko bushewa bai yi ba. Na ce ya bi shi Miri ya ba shi haƙuri. Ya je ranar Alhamis, ya durƙusa masa a gona a gaban 'yan ƙwadago, ya zana masa a ƙasa yadda wayoyin suka bi. Babba ya ce, "Na ga fitila da idona. Dabara ce kake so ka yi ka shigo. Gobe zan shigo gari salla, in duba." Da wannan "in duba" muka kwana, da ita muka tashi.

Juma'a na zauna gaban kwamfuta tun rana ba ta yi zafi ba. Fitila tana ci. Duk ƙarar babur da na ji a lungu sai in ce shi ne. Habu yana ta bayan katanga yana leƙowa ta kafar wayoyin.

Na ce, "Habu, ko za ta yi? Ga shi tana ci."

Ya ce, "Inna, kwamfutarki tana jin rauta. Rauta ne ba ya jin duniya."

Rana ta yi ta hawa. Na san can sun sauko daga masallaci, na san an zaunar da Larai. Habu ya ce akwai abokin aikinsa Yohanna, Kirista ne mutumin kudancin jiha, yana da shagon kwamfuta a Wunti, shi ba ya rufewa lokacin salla. Ya faɗa ne yana sane da abin da hakan yake nufi: sai na fita waje. Mai takaba a unguwarmu ko bakin zaure ba ta leƙawa. Malamai suna cewa in larura ta kama da rana babu laifi, amma ba malamai ke zama a gidan suna ba. Na duba fitilar nan, na duba ƙofa. Na ɗauki mayafin takabata na yafa, ba kwalli, ba turare, na dogara sanda na fita.

Muka sami keke mai ƙafa uku. Ba mu yi nisa ba muka tarar an tare hanya, masallata sun shimfiɗa darduma har kan kwalta. Mai keke ya juya ta wani lungu, can ma sahu ne. Ya ce, "Hajiya, sai dai a jira a idar." Na ce sauke ni. Na taka da gwiwoyin nan da kuka sani, ina raɓe-raɓe ta bakin kwata a bayan sahun maza, Habu yana riƙe da hannuna, mutane suna salla shi yana wucewa. Na ji wata a ƙofar gida tana cewa, "Wannan ba matar Malam ba ce? Ai ba ta fita takaba ba." Wata ta ce, "Ina kuma za ta?" Wani yaro ya ce, "Kafe! Shagon kwamfuta za ta!" Daga bakin ƙofar nan labarin da kuka gada ya tashi.

Yohanna yana ganinmu ya ta da wani saurayi daga kujera, ya goge ta da hannun rigarsa.

Ya ce, "Mama, sannu, sannu. Zauna nan, wannan ta fi gudu."

Habu ya danna, ya sake dannawa. Ba a ɗauka ba. Ya fid da wayar hannu ya kira Isuhu, ya sa mini a kunne.

Isuhu ya ce, "Inna, yanzun nan ɗan maigida ya karɓi kayansa. Ta jira tun da muka sauko. Ta sa an ɗaura mata ɗankwali, ta sa kwalli da kanta. Da ya zo ɗauka ta riƙe murfin kwamfutar, sai da na ɓamɓare yatsunta. Na roƙe shi, ya ce karatu zai yi. Ku yi haƙuri, sai Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu."

Na ce ya sa mata wayar a kunne. Na ce, "Larai, ban manta ba. Na zo. Wallahi na zo." Numfashi na ji. Ban san ko kai ta gyaɗa ba, ko kau da shi ta yi. Abin da fuska za ta gaya mini ke nan, kuma har gobe ban sani ba.

Allah bai kai ta Juma'a mai zuwa ba. A can aka bizne ta.

Ranar da labari ya zo Babba ya buɗe kwaɗon da hannunsa. Ya kwance guntun wayar daga bayan babur, ya kawo ya ajiye a ƙofar ɗakina, ya tsuguna. Ya ce, "Inna, fitilar tana ci." Ya maimaita, ya sake maimaitawa, kamar in ya faɗa da yawa za ta zama hujja. Mutane suka zo gaisuwa, suna yi mini ta'aziyya da baki ɗaya, suna raɗa da ɗaya bakin. Ba wanda ya tambayi wa ya yanke me. Waya ba a ganinta daga titi, amma tsohuwa da mayafin takaba kowa ya gan ta.

Habu bai sake haɗa wayar ba. Ya kwashe kwamfutocinsa, ya sayar da rabonsa, ya koma Abuja yana ja wa ofisoshi waya. Yana aiko mini da abin alheri, yana zuwa da salla, amma a masauki yake kwana. Isuhu ya dawo daga baya, ya kawo mini ɗankwalin, ya yi wani auren a garinsu. Yohanna yana nan Wunti, yanzu wayoyin hannu yake gyarawa, kuma duk shekara sai ya zo gaishe ni. Ƙarfen an sare shi an sayar wa maƙera. Wurin ajiye hatsin ba a gina ba har yau, ciyawa ce a wurin. Yanzu ina ganinku kowa da fuskar wani a tafin hannunsa, kuna kira kuna kashewa, har kuna cewa mutum ya dame ku.

Shuɗiyar wayar tana nan a gindin bangon ɗakina, ta tsallake katanga ta shiga gidan da ba namu ba. An sha cewa a cire, na hana. Tawa ce, an bar mini.

Babba ya tsufa, gemunsa ya yi fari fat. Shi ke ciyar da ni, bai taɓa bari na nemi komai ba. Kullum da safe yana zuwa ya tsuguna a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, in amsa, ya ɗan jima a tsugune kamar mai jiran wani abu, sannan ya tashi. Na san abin da yake jira. Tun ranar Larabar nan ban sake kiran sunansa ba, sai yau da na faɗa a rubuta muku. Da can kunya ce ta hana ni. Yanzu ba kunya ba ce.